Sallau Mai Rijiya a Tsohon Bariki

A unguwar Shamaki ba wanda zai ce maka bai san Sallau Mai Rijiya ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar busasshiyar fata, kuma kullum idan yana tafiya kansa a ƙasa yake, ba don kunya ba, sai don ya saba kallon abin da yake takawa. Mahaifinsa Ja'afaru mutumin ƙasar Katsina ne. Ya zo Gombe da jakunansa a shekarun da aka taso da garin zuwa inda yake yanzu, ya zauna bai koma ba. A nan aka haifi Sallau. Bai gaji jakuna ba. Tun yana saurayi ya bi wani Babarbare mai haƙar rijiya, ya ɗauki kwandon ƙasa shekara huɗu kafin a ba shi dagi ya riƙe da hannunsa.

Duk wanda ya zauna a Gombe ya san ruwanta yana da nisa, yashinta kuma maci amana ne. Sai mutum ya yi gaba goma yana murna, bango ya zubo masa. Sallau ya shekara talatin yana shiga cikin wannan ƙasa yana fita, bai taɓa rasa mutum ba. Idan ya ɗebi ƙasa a hannu ya murza, ya kai hanci, wani lokaci har ya ɗanɗana, zai gaya maka ko a ci gaba ko a canza wuri. Ba ya yawan magana, amma abin da ya faɗa game da ƙasa ba a musu da shi.

Abokin aikinsa Hyginus ne, wani magini ɗan ƙabilar Ibo da ke zaune a unguwar Herwagana, wanda mutanen Shamaki suke kira Hajinus don sauƙin baki. Sallau ya haƙa, Hyginus ya ɗaure bangon da siminti. Lokacin rikici Hyginus ya kwashi iyalinsa ya tafi gida, ya yi shekara huɗu ba labari. Da yaƙin basasa ya ƙare ya dawo a rame, da jaka ɗaya. Ya isa Shamaki ya tarar Sallau yana cikin rami a wani gida. Ya karɓi igiyar daga hannun mai ja, ya ci gaba da janyo kwandon. Sai da Sallau ya fito ya ga wanda ke tsaye. Suka daɗe suna kallon juna, sannan Sallau ya ce, “Ka zo daidai, bangon nan na bukatar ɗauri.” Washegari suka koma aiki kamar jiya suka rabu.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, gari ya canza. Motoci suka yi yawa, aka riƙa yanka filaye, manyan mutane suka koma kiran masu injin burtsatse. Sallau sai ya yi sati biyu ba wanda ya buga masa ƙofa. Yakan zauna a zaure yana gyaran igiyoyin da ba su lalace ba, matarsa Saudatu tana kallonsa.

A farkon bazarar 1977 mai shela ya zagaya unguwa da saƙon Wakili. An ce wasu masu binciken kayan tarihi sun zo daga jami'a za su tona tsohon barikin Turawa da ke kan tudu a bayan gari, kafin ɗan kwangila ya baje wurin ya gina gidajen ma'aikata. An ce duk mai son gani ya je, duk mai son sa hannu ya je, wanda kuma ya san wani labari game da wurin ya je ya faɗa. Mutane suka yi ta dariya. Wasu suka ce zinariya ake nema, wasu suka ce Turawa sun binne wani abu ne suka aiko a ɗauko musu. Sallau bai shiga zancen ba. Abin da ya tsaya masa shi ne, an ce za a yi haƙa a Gombe, kuma ba a kira shi ba.

Rana ta uku ya saɓa rawaninsa ya hau tudun. Abin da ya rage na barikin bai wuce guntayen bangon dutse ba, da matakala uku da ba sa kai mutum ko'ina, da wasu manyan itatuwan maina. An kafa turaku an ja zare, an raba ƙasa murabba'i-murabba'i. Mutane kamar ashirin suna durƙushe suna kankare ƙasa da cokalin magini, wasu suna tankaɗe ta a rariya. Akwai malaman firamare, akwai wani tela da ya sani, akwai matan coci biyu. Bai taɓa ganin haƙa mai sanyin jiki irin wannan ba.

Shugabar aikin mace ce, Malama Juliana, 'yar Tangale daga wajen Kaltungo, doguwa mai malafa, da littafi a hannu. Ta nuna wa masu kallo abin da aka samu a gaban gidan Di'o, Baturen mulki na wancan lokaci: kwalabe, gwangwanaye masu tsatsa, fasasshen tangaran, da wani anini mai huji. Sannan ta nuna ƙasan ramin ta ce sun kai asalin ƙasa, nan aikin wannan rami ya ƙare.

Sallau ya tsuguna a bakin ramin, ya miƙa hannu ya ɗebo ƙasar, ya murza.

“Malama,” ya ce, “wannan ba asalin ƙasa ba ce. Ciko ne.”

Wani daga cikin ma'aikatanta ya yi murmushi. Ita ba ta yi ba. Ta zo ta tsuguna kusa da shi ta ce, “Baba, yaya aka yi ka gane?”

“Ƙasar da Allah ya shimfiɗa a kwance take, kala kan kala. Wannan a gauraye take. Ga jar ƙasa a sama da fara, alhali a tudun nan fara ce ke sama. Kuma wannan jar ba a samunta sai an yi gaba takwas. Wani ne ya haƙo ta daga nesa ya zuba a nan don a daidaita wuri.” Ya kakkaɓe hannunsa. “Inda aka haƙo ta kuwa rijiya ce. Ba ta da nisa da nan.”

Malama Juliana ta ce takardun Turawan da ta karanta ba su ambaci rijiya ba, sun ce da jakuna ake kawo ruwa. Sallau ya ce jakunan ma ya san masu su, amma ƙasa ta ce akwai rijiya. Ya tashi ya zagaya bayan ginin, ta bi shi, masu kallo suka bi su. Ya gangara wani ɗan kwari da ciyawa ta rufe, yana tafiya a hankali yana buga ƙasa da dunduniya. Ya tsaya a inda wurin ya ɗan loɓa, ciyawarsa kuma ta fi ta kewaye ɗanye duk da zafin bazara.

“Nan,” ya ce.

Ta sa aka ja zare. Kafin la'asar cokalin tela ya ci karo da dutse, sannan wani dutsen, har da'ira ta fito sarai. Malama Juliana ta cire malafarta ta dubi Sallau ta ce, “Baba, gobe za ka dawo? Ina so ka koya mana.”

Ya koma gida bai gaya wa Saudatu komai ba sai da ya ci abinci. Sannan ya ce ta fito masa da dogayen igiyoyinsa, kuma a aika wa Hyginus.

Akwai wadda ya kamata ya gani kafin ya sa dagi a wurin. Yayarsa Inno ta girme shi da shekara goma, tana zaune a unguwar Malam Inna wurin ɗanta. Ita ce ta yi wayo lokacin da ake gina barikin. Da ya gaya mata abin da ake ciki, fuskarta ta ɗaure.

“Me za ku tono a can, Sallau? Wahalar mutane? An kwaso bayin Allah daga ƙauyukansu ba da sonsu ba, suna ɗaukar dutse a ka tun daga rafi. Babanmu yana kai ruwa, Innarmu tana dafa musu dawa. Na ga abin da ban so gani ba. Ƙasa ta rufe, ku bar ta rufe.”

“Yaya, katafila ce za ta zo ta baje wurin wata mai zuwa. Ba wanda zai ƙara sanin an yi mutane a nan.”

“To a baje.”

Bai matsa mata ba. Ya yi mata sallama ya tafi, zuciyarsa ba daɗi, don bai saba yin abin da ta hana ba.

Aka fara tonon rijiyar. Malama Juliana ta ce kowane kwando sai an tankaɗe, kowane taƙi sai an auna an rubuta. Sallau, wanda ya saba yin gaba guda a yini, ya ga ana so ya yi kamu biyu kawai. Ranar farko abin ya ba shi haushi har ya ce mata a haka sai damina ta same su. Ta ce, “Baba, kai kana haƙa don ka kai ga ruwa. Mu abin da ke kan hanya muke nema.” Ya ɗan yi tunani, ya ajiye dagi ya karɓi cokali. Cikin kwana uku ya fi kowa iya shi. Yana jin abu a ƙarƙashin ƙarfe tun kafin ido ya gan shi.

Hyginus ya tokare bangon da katako, ya riƙe igiya. Kowace safiya kafin Sallau ya sauka sai sun zura fitila a ramin, in ta ci gaba da ci, iska na da kyau. Hyginus ne ya lura cewa ɗaurin dutsen ba hannu ɗaya ba ne. Ya nuna wa Malama Juliana yadda wani sashe aka jera duwatsu a kwance, wani kuma a karkace suna cizon juna. Ta duba da kyau ta ce irin wannan na biyun haka ake jera dutse a gonakin kan dutse na garinsu. Ta daɗe tana shafa wurin da hannu.

Sallau kuwa abin da ya kama ransa matakan da aka sassaƙa a jikin bango ne, daga inda ɗaurin dutse ya ƙare. Ya sa ƙafarsa a na farko ta zauna daidai. Ya miƙa ɗayar ta sami na biyu ba tare da ya lalube ba. Wanda ya haƙa rijiyar nan gajere ne kamarsa, kuma bahago ne, don saran dagin duk daga hagu ya karkato. Kuma gwani ne. Ya bi ta cikin yashin da ke cinye mutane, ya ɗan tsuke ramin a daidai inda ya kamata, ya sake buɗe shi da ya kai ƙasa mai ƙarfi. Sallau ya fito yana haki ya ce wa Hyginus, “Wanda ya yi wannan ya fi maigidana da ya koya mini. Ya fi ni.” Hyginus ya ce tunda suke bai taɓa jin ya faɗi haka game da kowa ba.

Labari ya bazu a gari cewa ba zinariya ba ce, rijiya ce, kuma Sallau ne ya gano ta. Mutane suka ƙaru. Sallau ya ba da shawara a buɗe ramuka a kewayen rijiyar, don inda ruwa yake nan mutane ke zama. Aka buɗe. Duwatsun murhu suka fito uku-uku, da toka a tsakaninsu, da dutsen niƙa da ya rabe biyu, da kwanon sarki da tsatsa ta cinye gindinsa, da tsingaro ba iyaka. Ma'aikatan jami'a suka shimfiɗa tsingaron a kan tabarma suna ƙoƙarin rarrabewa. Wata tsohuwa Batera da ta zo kallo ta ɗauki ɗaya ta ce wannan bakin tulun garinsu ne. Wata 'yar Waja ta ɗauki wani ta ce irin zanen kakarta ne. Kafin sati ya ƙare, matan gari ne ke zaune a kan tabarmar suna warewa, masu digiri suna tsaye suna rubutawa.

Ranar wata Laraba da hantsi, Sallau yana ƙasa sai ya ji Hyginus na kiransa ya fito. Da ya fito ya ga Inno tsaye a bakin kwarin da sandarta. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta sauko a hankali, ta wuce rijiyar, ta wuce ramuka biyu, ta tsaya a wani wuri da ba a taɓa ba, kusa da wani kututturen tsamiya.

“Ba a nan kuke tono ba?” ta ce. “Ai nan ne madafa. Can da kuke, wurin kwanan mutanen Tera ne.”

Malama Juliana ta kawo mata kujera, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, “Mama, in kin yarda zan rubuta abin da kika faɗa. In ba ki yarda ba, zan rufe littafin.”

Inno ta dube ta sama da ƙasa. “Ke 'yar ina ce?”

“Tangale.”

“Mutanenku a can suke kwana, gefen gabas. Su ne masu waƙa in an tashi aiki.” Ta gyara zama. “Buɗe littafinki.”

Ta yi magana har azahar. Ta faɗi yadda ake auna dawa, da yadda mahaifiyarsu A'i take ƙara wa marasa lafiya a ɓoye. Ta faɗi sunayen da ta iya tunawa, goma sha ɗaya, da garuruwansu. Da aka tambaye ta rijiyar, ta ce ba Turawa ne suka sa a haƙa ba, shi ya sa ba su rubuta ba. Ruwan jakuna na gidan Di'o ne da na kwaɓa ƙasa, ma'aikata sai abin da ya rage. Wani Babole ne mai suna Joda ya ce ba zai zuba ido mutane na faɗuwa ba. In an tashi aiki da yamma sai ya shiga rami, sauran suna ja masa ƙasa, kowace ƙabila tana kawo dutse. Wata biyu suka yi. Ranar da ruwa ya fito har mai gadin bariki sai da ya yi rawa.

“Bahago ne?” Sallau ya tambaya.

Inno ta juyo ta dube shi. “Wa ya gaya maka? Da hagu yake cin abinci, Inna tana yi masa faɗa.”

Sallau ya tashi ya koma bakin rijiyar ya tsaya yana kallon cikinta, ya daɗe a haka, har Hyginus ya zo ya dafa kafaɗarsa.

A gaba goma sha huɗu ƙasa ta fara danshi. A nan Sallau ya sami ƙarfen dagi, guntu, bakinsa ya cinye saboda aiki. Bai sa shi a kwando ba. Ya kira a auna a ɗauki hoto yadda aka koya masa, sannan ya sa shi cikin rigarsa ya hau da shi da kansa. Bayan kwana biyu ruwa ya tsatso, garai-garai, mai sanyi. Aka ɗebo a guga, aka fara miƙa wa Inno. Ta kurɓa ta ce ɗanɗanonsa bai canza ba.

Saura kwana biyar katafila ta zo. Malama Juliana ta rubuta takarda zuwa hukuma tana roƙon a bar kwarin, amma ta gaya wa Sallau gaskiya cewa takarda kan daɗe a ofis. Sallau ya je wurin Wakili, Hyginus ya je wurin dattawan cocinsu, tsohuwar nan Batera ta je wurin nata mutanen. Ranar da injiniyan ɗan kwangila ya zo duba fili, ya tarar da mutane sun fi ɗari zaune a inuwar maina, ba hayaniya. Aka tura Sallau gaba ya yi magana, shi da bai taɓa yin jawabi ba.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, “ba mu hana gini ba. Gidan Bature ku baje, an auna shi an rubuta. Amma wannan rijiya iyayenmu ne suka haƙa wa kansu, ba wanda ya sa su. Shekararta kusan sittin a rufe, ga ta da ruwa. Gidajen da za ku gina ma za su so ruwa.”

Injiniyan ya leƙa rijiyar, ya sa aka ɗebo ya wanke fuska, ya buɗe taswirarsa a kan mota ya daɗe yana dubawa. Daga ƙarshe ya ce zai iya karkatar da layi ɗaya ya bar rijiyar da ɗan fili kewaye da ita, amma madafa da sauran wuraren sai dai haƙuri. Ba duk abin da suka nema suka samu ba. Inno ta ce ya isa.

Kafin masu binciken su tafi, aka baje kayan a wani ajin firamare kwana uku don jama'a su gani. Kwalaben Di'o suna kan tebur ɗaya a gefe, kayan kwarin sun cika tebur huɗu. Ƙarfen dagin yana tsakiya a kan farin ƙyalle, da takarda a gabansa ɗauke da sunan Joda. Sallau ne ke tsaye yana bayani, cikin farar rigarsa ta Juma'a. Saudatu ta zo da matan unguwa, ta tsaya a baya tana jin mijinta yana magana fiye da yadda ya yi a shekara guda a gida.

Hyginus ya ɗaure bakin rijiyar da siminti ya yi mata murfi, bai yarda ya taɓa tsohon ɗaurin dutsen ba. Aka gina gidajen, aka ja musu famfo, amma famfon yakan yi sati bai kawo ba, matan ma'aikata suka koma rijiyar da bokitansu. Su ne suka fara kiranta Rijiyar Joda, yawancinsu ba su san ko wane ne ba, sai in Sallau ya biyo ta wurin sun tambaye shi.

Bazara biyu a jere Malama Juliana ta aiko mota ta ɗauke shi zuwa wasu wuraren tono a bakin Gongola, inda yake tafiya a gaba masu zare suna binsa. Inno ta rasu a shekara ta uku. Bayan rasuwarta da 'yan watanni rahoton aikin ya iso ta gidan waya, littafi mai shuɗin bango. Sallau ba ya karatun boko, sai ya kai wa Hyginus. Suka zauna a kan benci a ƙofar gidansa a Herwagana, Hyginus ya sa tabarau yana bi da yatsa yana fassarawa. A shafin farko, a ƙarƙashin sunan Malama Juliana, an rubuta Sallau Ja'afaru da Inno Ja'afaru da Hyginus Amobi a matsayin waɗanda suka yi aikin tare da ita. A can ciki kuma ga sunayen nan goma sha ɗaya, kowanne da garinsu.

Sallau ya ce a sake karanta masa su. Hyginus ya karanta a hankali, Sallau yana gyara masa inda harshensa ya karkace. Da suka gama ya karɓi littafin ya naɗe shi a cikin rawaninsa, ya ce zai wuce Malam Inna ya nuna wa 'ya'yan yayarsa kafin la'asar.